Garin fanke da waful mai ƙarancin furotin: tambayoyin da masu jinya suka fi yi

Shekara uku ke nan ina dafa wa Innata tukunya daban a gidanmu da ke Birnin Kebbi, tun ranar da likita ya ce ƙodarta ta yi rauni, a rage mata furotin. Na rana da na dare ba su ba ni wahala sosai ba. Karin kumallo ne ya zame mini ƙarfen ƙafa, don ƙosai ya fita, alala ta fita, shayi mai kaurin madara ma ya fita. A haka na faɗa neman garin fanken da za ta ci ba tare da ya cinye mata rabon furotin ɗinta na yini ba. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda mata 'yan'uwana masu jinya suke ta maimaita mini a bencin asibiti.

Wane irin fanke ake nufi, kuma mene ne waful?

Ba fanken da ake tsomawa cikin mai ya kumbura kamar ƙwallo ba. Wanda ake zuba ƙullinsa a kasko ya bazu kamar faifai nake nufi, a juya shi sau ɗaya a kwashe. Waful kuwa kusan ƙulli ɗaya ne da shi, sai dai ana gasa shi a tsakanin ƙarfe biyu masu gidaje-gidaje, ya fito da ramuka kamar saƙar zuma. Garin da muke magana a kai busasshen haɗi ne da za ki yi da yawa ki ajiye, kullum da safe ki ɗebi na ranar.

Wa ya kamata ya ci wannan abincin?

Wanda likita ya ce masa da baki ya rage furotin. Mafi yawa masu ciwon ƙoda ne da ya yi nisa amma ba a kai ga fara musu wankin ƙoda ba. Ƙoda ce take tace dattin da furotin ke bari a cikin jini, to idan ta gaji sai a rage mata lodi. Ma'aunin da aka saba ba irin waɗannan marasa lafiya shi ne giram 0.6 zuwa 0.8 na furotin ga kowane kilo na nauyin jiki a yini. Mai kilo 60 ke nan rabonsa giram 36 zuwa 48.

Akwai kuskuren da nake gani yana yawo, kuma yana da haɗari. Wanda aka fara wa wankin ƙoda lissafinsa ya juye, domin injin yana tafiya da wani ɓangare na furotin ɗinsa. Shi ƙari yake buƙata, wajen giram 1 zuwa 1.2 ga kowane kilo. Haka mai ciki, mai shayarwa da yaro mai girma, ba a rage musu furotin don an ji maƙwabciya ta ce yana da kyau. Kafin ki auna cokali ɗaya, ki tambayi likita ko jami'in tsara abinci adadin giram ɗin da aka yanke wa marar lafiyarki, ki rubuta shi a takarda.

Fanke ai ba nama ba ne. Ina furotin ɗin yake?

Ni ma haka na ɗauka da farko. Fulawar alkama tana da kimanin giram 10 zuwa 12 na furotin a kowane giram 100. Ƙwai ɗaya yana da wajen giram 6. Kofin madarar ruwa kuma wajen giram 8. Idan kika kwaɓa kofi ɗaya na fulawa da ƙwai ɗaya da kofin madara, kin tara kusan giram 27. Ga mai kilo 60, fiye da rabin rabonsa ne ya tafi a kwano ɗaya, tun rana ba ta ɗaga ba.

Dabarar duka a nan take. Furotin ɗin fulawa ba shi ne mai inganci ba, ga shi yana cin wuri. Gara a cika ciki da safe da abin da kusan babu furotin a cikinsa, a bar rabon don ɗan kifi ko farin ƙwai da rana, wanda jiki zai fi amfana da shi.

Ba zan iya maye fulawar da garin gero ko dawa ko shinkafa ba?

Gero da dawa ba su rage komai ba, don furotin ɗinsu yana kai giram 10 zuwa 11, kafaɗa da kafaɗa da fulawa. Garin masara ya ɗan yi ƙasa, amma ba sosai ba. Garin shinkafa ne mai dama-dama, wajen giram 6, kuma mu a Kebbi shinkafa ba baƙuwa ba ce. Duk da haka ba zai zama ginshiƙin haɗin ba, ɗan kaɗan ake sawa don ɗanɗano da jiki.

Abin da ke ɗaukar nauyin haɗin shi ne sitaci zalla, na masara da na rogo. Wajen yin su ana wanke furotin ɗin ya bi ruwa, abin da ya rage bai kai giram 1 a cikin 100 ba.

To yaya ake haɗa garin?

Ga yadda nawa ya tsaya bayan gwaji da ɓarna mai yawa. Sitacin masara, wanda masu kanti ke kira kon fulawa, giram 300. Sitacin rogo giram 150. Garin farar shinkafa mai laushi giram 50. Sukari giram 40. Bekin soda cokalin shayi ɗaya a shafe. Ki haɗa su a roba mai faɗi ki tankaɗe da rariya har sau uku, saboda sodar ta ratsa ko'ina. Idan ta taru wuri guda, wani fanken zai fito da ɗaci kamar sabulu, wani kuma ya ƙi tashi. Gishiri ba na sawa ko kaɗan.

Duka wannan haɗin, fiye da rabin kilo, furotin ɗinsa wajen giram 4 ne zuwa 5, kuma mafi yawansa daga shinkafar yake. Fulawa mai wannan nauyin tana haura giram 50. Shawarata ki sayi ɗan sikelin kicin. Gwangwanin madara da muka saba awo da shi yana yaudara a nan, domin sitaci yana danƙarewa, cikin gwangwani na yau ba ɗaya yake da na gobe ba.

Ina zan samu sitacin rogo? Alabo ko garin kwaki ba za su yi ba?

Ana samunsa a shagunan masu kayan kek, wani lokaci da sunan tafiyoka. Ki tabbatar kin ce na ci kike so. Na taɓa aiken yaro kasuwa ya dawo mini da sitacin gugar kaya, fari tas, a ƙulle a leda. Wannan ba abinci ba ne, ba a san abin da aka zuba masa ba.

Za ki iya yi a gida idan kina da haƙuri. A fere rogo a wanke, a gurza, a dama da ruwa mai yawa a tace a ƙyalle, a bar ruwan ya kwanta. Farin da ya zauna a ƙasa shi ne sitacin. A tsiyaye ruwan sama, a sake zuba sabo a wanke shi sau biyu ko uku, sannan a shanya ya bushe ƙayau. Wankin nan ba na ado ba ne, shi ke fitar da gubar da ke cikin ɗanyen rogo. Alabo furotin ɗinsa kaɗan ne, amma da yake rogon ne gaba ɗaya aka niƙa, ya fi sitaci fotasiyam, wanda masu ciwon ƙoda da yawa ake ce su kiyaye. Garin kwaki kuwa tsaminsa da tsakuwarsa ba sa barin fanke ya yi laushi.

Babu ƙwai, babu fulawa, me zai riƙe ƙullin?

Wannan ce tambayar da ta ci mini wata guda. Ranar farko da na zuba ruwa a kan sitaci zalla, abin mamaki na gani. In na juya da ƙarfi sai ya ƙame kamar siminti, har cokali ya tsaya, in na sake shi sai ya narke ya koma ruwa. Na bar shi minti biyar, garin ya kwanta ƙasa, ruwa ya taso sama. Da na daure na zuba a kasko, abin da ya fito ya fi kama da fatar ganga. Inna ta ɗaga shi da yatsa biyu ta ce, "Wanga mi na na, ɗiyata?" Ban da amsa.

Inna ce ma ta warware mini matsalar ba da niyya ba. Tana kallona ta ce ai ko tuwo sai an yi talge kafin a tuƙa, masa ma sai an zuba dafaffiyar shinkafa a ƙulli. Shi ke nan. Sitacin da aka dafa yana zama mai yauƙi da danƙo, kuma shi zai yi aikin da ƙwai da danƙon fulawa suke yi, ya riƙe ɗanyen garin kada ya kwanta, ya kuma tare iskar da ke sa fanke tashi.

Ki ɗebi babban cokali ɗaya a cike na sitacin rogo zalla, ba daga haɗaɗɗen garin ba, don zafi zai kashe sodar da ke ciki. Ki dama shi da ruwan sanyi mililita 100, ki ɗora a wuta kaɗan kina juyawa. Cikin minti biyu zai tashi daga fari ya koma garai-garai kamar gilashi, yana bin cokali. Ki sauke ya huce. Masu samun garin zantan gam, wani gari mai sa ƙulli danƙo, a shagon kayan kek suna iya sa rubu'in cokalin shayi a madadinsa, amma ni talgen nan ya ishe ni.

Yaya ake kwaɓawa da soyawa?

Ki auna giram 130 na garin, wajen kofi ɗaya ke nan. Ki zuba talgen da aka bayyana a amsar da ta gabata, da mai babban cokali biyu, da ruwa kaɗan-kaɗan kina bugawa da maburgi har gudajin su mutu. Kaurin da ake nema shi ne na ƙullin masa, ya zubo daga ludayi a hankali ba tare da yankewa ba. Sai kasko ya yi zafi sannan za ki matsa ruwan lemon tsami cokalin shayi biyu. Nan take za ki ga ƙullin ya fara 'yan kumfa. Kada ki tafi amsa sallama a wannan lokacin, ƙarfin tashin ba ya jira.

Wuta matsakaiciya, mai ɗan shafawa. Ki zuba ƙanana, kamar faɗin tafin hannu. Idan ramuka suka huda samansa, gefen kuma ya bushe, sai ki juya. Kwaɓi ɗaya yana ba ni shida, kuma dukansu furotin ɗinsu bai fi giram ɗaya da 'yan kai ba.

Me ya sa bekin soda, ba bekin foda ba? Kanwa fa?

Yawancin bekin foda ana haɗa shi da sinadarin fosfet mai ɗauke da fosfaros, kuma ƙodar da ta raunana ba ta iya fitar da fosfaros yadda ya kamata. In ya taru a jini yana raunana ƙashi, yana kawo ƙaiƙayi. Soda da lemon tsami suna tayar da ƙulli ba tare da shi ba. Sai dai soda ma ba a sake mata fuska, domin cokalin shayi ɗaya yana ɗauke da sodiyam, sinadarin da ke cikin gishiri, fiye da miligiram 1,200. Shi ya sa cokali ɗaya tak ya ishi rabin kilo, shi ya sa kuma na cire gishiri.

Kanwa ki bar ta inda take. Ita ma sodiyam ce cike da ita, kuma ba ta da tsayayyen awo. Haka gishirin kanti da ake tallatawa wai na masu hawan jini ne, yawancinsa fotasiyam aka sa a madadin sodiyam, mai ciwon ƙoda bai kamata ya taɓa shi ba sai da izinin likita. Idan an hana marar lafiyarki sodiyam sosai, ki cire sodar da lemon, ki sa yis rabin cokalin shayi a kwaɓi ɗaya, ki rufe ya tashi kamar na masa. Yis yana ƙara furotin kaɗan, ƙasa da giram ɗaya a wannan awon.

Ba za a ɗan sa madara ba ko don ɗanɗano?

Madarar gari ita ce mafi nauyi, kusan rubu'inta furotin ne. Nono da kindirmo suna nan daidai da madarar ruwa. Madarar waken suya, wadda wasu ke ɗauka mafita ce, furotin ɗinta kusan ɗaya ne da na madarar shanu. Kunun aya kuma batun fotasiyam ne matsalarsa.

Idan ƙamshin madara kike nema, ki nemi man shanu mai kyau wurin Fulani, ki soya shi ki tace. Kusan babu furotin a cikinsa, kuma rabin cokali ya isa ya cika ɗaki da ƙamshi. Ɗan filebo na banila ko garin citta ma yana taimakawa.

An ce a guji gyaɗa. Man gyaɗa fa?

Furotin ɗin gyaɗa a tunkuza yake zama, shi ya sa ƙuli-ƙuli ya fita daga lissafi. Man da aka tace babu furotin a cikinsa. Ki yi amfani da shi hankalinki kwance.

Nawa yana fitowa fari fat, cikinsa kuma da danƙo. Ina na kuskure?

Farin ba kuskurenki ba ne. Jan da fanke ke yi a wuta yana fitowa ne daga haɗuwar furotin da sukari, mu kuwa mun cire furotin ɗin. Kada ki yi ta jiran ya yi ja, zai bushe ne kawai. Idan ido ne ke damun marar lafiyar, ki maye giram 50 na sitacin masarar da garin kastad. Shi ma sitacin masara ne aka sa wa launi da ƙamshi, amma ki duba kwalin, kada ki ɗauko wanda aka haɗa da madara.

Danƙo kuwa abu uku ke kawo shi: sitacin rogo ya yi yawa, ko talgen ya yi kauri, ko wuta ta yi ƙarfi waje ya ƙone ciki bai nuna ba. Ki fara da rage wutar kafin ki taɓa awon.

Waful fa, da wannan garin dai?

Da shi dai, kuma gaskiya ya fi kyau a waful fiye da fanke, don sitaci yana son gasuwa ya yi ƙarau-ƙarau. Ki ƙara mai cokali ɗaya, ki ɗan rage ruwa. Ki bar ƙarfen ya yi zafi sosai, ki shafe kowane rami da mai. Abin da ya fi muhimmanci shi ne kada ki buɗe da wuri. Waful ɗin fulawa yana yafe wa mai gaggawa, wannan ba ya yafewa, rabewa biyu zai yi, rabi a sama rabi a ƙasa, ki wuni kina ƙanƙara. Ki jira tururin da ke fita ta gefe ya kusa ɗaukewa.

Wadda ba ta da na'urar, ko wutar lantarki ta yi halinta, tandar masa tana nan. Ba za ki samu gidajen ba, amma gefen zai yi ƙayau, cikin ya yi laushi. A gidanmu tandar ta fi na'urar shan aiki.

Mahaifina yana da ciwon suga tare da na ƙodar. Zai iya ci?

Nan sai an yi hattara, kuma ba ke kaɗai ba ce, domin ciwon suga da hawan jini su ne manyan abubuwan da ke lalata ƙoda. Sitaci zalla yana komawa suga a jini da sauri, ko da kin cire sukarin haɗin. Ki cire sukarin dai, ki yi na albasa kamar yadda ke cikin amsa ta gaba, ki ba shi biyu a maimakon huɗu. Idan kuna da na'urar gwajin suga a gida, ku gwada awa biyu bayan ya ci, a rubuta, a nuna wa likita. Sakamakon ne zai faɗa miki ko abincin ya karɓe shi.

Da me za a ci shi?

Ayaba da dabino su ne farkon abin da hannu ke kaiwa, su ne kuma masu yawan fotasiyam. Idan gwajin jini ya nuna nasa ya hau, a ajiye su. Tuffa da abarba sun fi sauƙi, ana iya dafa tuffa da ɗan ruwa da kirfa ta zama kamar miya a zuba a kai. Zuma kaɗan ta yi ga wanda ba shi da ciwon suga.

Inna ba mai son zaƙi ba ce, don haka nata na yaji nake yi. Ina da kwalba daban da ban sa wa sukari ba. Sai in yanka albasar Aliero siriri-siriri da ɗan attaruhu in zuba a ƙullin, ya fito kamar wainar fulawa. A gefe in soya kabeji sama-sama. Zogale ba na haɗawa, ganyen yana da furotin fiye da yadda mutane ke zato. Ranar da lissafin yini ya ba da dama, nakan buga farin ƙwai ɗaya a ƙullin. Yana ƙara giram 3 da rabi, amma fanken yana tashi sosai, kuma fosfaros ɗin ƙwai a gwaiduwa ya fi yawa.

An ce yarona yana da PKU. Wannan garin zai yi masa?

Wannan larura ce ta gado, inda jiki ba ya iya sarrafa wani ɓangare na furotin da ake kira fenilalanin, in ya taru kuma yana taɓa ƙwaƙwalwa. Wani likita ɗan ƙasar Norwe ne ya fara gano ta a 1934, kuma a ƙasashe irin su Ingila da Amurka ana gwada jarirai tun kwanakin farko ta hanyar ɗigon jini daga dunduniya. Lissafin waɗannan yara ya fi na masu ciwon ƙoda tsanani nesa ba kusa ba.

Sitacin masara da na rogo suna cikin abincin da aka saba ba su. Amma ki cire garin shinkafar ki cike gurbinsa da sitaci, kada ki sa farin ƙwai, yis ma sai an lissafa shi. Ki guji abin zaƙin da ake kira asfatam, wanda ke cikin lemunan kwalba marasa sukari, don da fenilalanin ake yin sa. Fanken nan kuma ba ya maye gurbin madarar musamman da likita ke rubuta wa irin waɗannan yara, daga ita suke samun abin gina jikinsu.

Kwana nawa garin yake yi a ajiye?

Ina yin na wata ɗaya ne, in zuba a kwalba mai murfin da ke kamawa, in liƙa takarda da kwanan wata. Zafin bazara bai cika damunsa ba matuƙar babu mai a ciki, shi ya sa ba a zuba mai sai ranar kwaɓi. Damina ce abokiyar gabarsa. Laima na shiga, sodar za ta mutu, garin ya dunƙule. Kada a sa jiƙaƙƙen cokali a ciki. Takardar kuma tana da wani amfanin, don akwai ranar da ƙanwata ta kwashi rabin kwalbar ta dama wa yara a zaton kastad ne.

Soyayyen kuwa da zafinsa ake ci. Da ya huce yake tauri, halin sitaci ke nan. In ya kwana, ki turara shi minti biyu a madambaci, zai sake laushi. Waful kuma a mayar da shi kan ƙarfe.

Tun da muka fara rage furotin sai ramewa marar lafiyarmu take yi. Mu ci gaba?

A'a, ku koma asibiti kafin ranar da aka ba ku. Idan abinci bai ishi jiki ba, naman jikinsa yake ci, kuma dattin da hakan ke haifarwa ƙodar ce dai za ta tace shi. Sau da yawa abin da ke faruwa shi ne an cire nama da wake da madara, ba a cike gurbinsu da komai ba. Gurbin nan ne fanken yake cikewa, shi ya sa ba na rowar mai a cikinsa.

Ni ina auna Inna a sikeli duk ranar Juma'a da safe kafin ta karya, in rubuta a bayan katin asibitinta. Ki lura kuma da kumburin ƙafa, don ruwan da ya taru yana iya ɓoye rama a sikeli. Ki tafi da takardar abin da take ci na kwana uku, har da adadin fanken, ki miƙa wa jami'in tsara abinci ya sake lissafin.